Batirina ya fi saurin ƙarewa a Linux: ko gwajin da zan yi daga Jos zai amfani wani?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina zaune a Unguwar Rogo. Na sayi ThinkPad na hannu, na cire Windows na sa Linux saboda karatuna. Komai yana tafiya daidai in ban da batir. Da yakan kai ni kusan awa huɗu, yanzu da ƙyar yake wuce biyu da rabi. Na ji an ce masu haɗa Linux kan nemi jama'a su auna yawan wutar da manhajar ke ci a kwamfutocinsu, su tura musu sakamako. Ina son in shiga, amma batirina tsoho ne, ba ni da na'urar awo, wuta kuma ba kullum ba. Shin gwajina zai yi wani amfani? In zai yi, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka da kyau, raguwar batirin tana damunka, amma abin da ya fi tsaya maka a rai shi ne kana ganin kayan aikinka ba su kai a saurare ka ba: tsohuwar laftof, batir da ya gaji, ɗaki a Unguwar Rogo. To amsata ita ce gwajinka zai yi amfani, kuma irin injinka na cikin waɗanda aka fi rashin labarinsu. Sharaɗin dai shi ne ka auna wat maimakon awa, ka kwatanta injinka da kansa, kuma ka faɗi yanayin da ka yi awon. Wanda ya kiyaye wannan, ko batirinsa ya rage rabi, lambobinsa abin dogaro ne.

Me ya sa suke neman jama'a tun farko

Kowane ɓangare na laftof yana da matakan barci: firosesa, katin hoto, katin Wi-Fi, katin sauti, faifan ajiya, har hanyoyin da ke haɗa su da juna. Babbar manhaja, wato Windows ko Linux, ita ce ke cewa wane ya kwanta, wane ya tashi. Kamfanin da ya ƙera injin da Windows yake gwada shi kafin ya fitar kasuwa, kuma BIOS ɗin da ke ciki, wato 'yar manhajar da ke tayar da injin tun kafin babbar manhaja ta hau, an daidaita shi ne har sai Windows ta gamsu. Linux takan zo daga baya ta tarar da abin da aka bari. Tana iya umartar kowane ɓangare ya yi barci mai nauyi, sai dai akwai kayan da in sun kwanta ba sa farkawa daidai. Wani katin sauti zai riƙa ƙara "ƙyas" duk lokacin da ya tashi, wani allo zai riƙa ƙyaftawa, mafi muni kuma wani faifan zai lalata bayanan da ke kansa. Saboda haka masu kula da zuciyar Linux, wato kanel, sukan zaɓi taka-tsantsan: gara batir ya ƙare da wuri da a ɓata wa mutum aikin shekara. Ba za su kunna wani saitin tsimin wuta ga kowa da kowa ba sai sun ga shaida daga injina masu yawa, kuma babu kamfanin da ya tara duk nau'in laftof ɗin duniya a ɗaki guda.

An sha yin haka. A shekarar 2011, bayan fitowar kanel 2.6.38, masu laftof da dama suka ga batirinsu ya fara zuba. Da aka bi sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya ana aunawa, sai aka tarar matsalar tana wajen ASPM, tsarin da ke barin hanyoyin PCI Express su huta. Wasu BIOS suna cewa injin ba ya goyon bayan tsarin alhali sun kunna shi, Linux kuma ta gaskata su ta kashe. Matthew Garrett, ɗaya daga cikin masu rubuta kanel, shi ne ya kawo gyaran a ƙarshen shekarar, inda aka koma barin saitin yadda BIOS ya ajiye shi. Kafin fitowar Ubuntu 12.04 (wani nau'in Linux) a 2012, tawagar kanel ta Ubuntu ta roƙi masu amfani su gwada RC6, wato barcin katin hoton Intel a firosesoshin Sandy Bridge. Daga rahotannin jama'a aka tabbatar cewa matakin farko lafiya lau yake, mai zurfin ne ke jawo matsala a wasu injina, sai aka kunna na farkon kawai. A wannan aikin ne Colin King, na cikin tawagar, ya yi ta aune-aune, kuma shi ya rubuta manhajar powerstat da har yau muke amfani da ita.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Fedora 28, ita ma wani nau'in Linux, a 2018. Hans de Goede na Red Hat ya kawo sabon saiti na barin layin SATA, wanda ke haɗa faifan ajiya da injin, ya huta, wanda ke rage kimanin wat 1 zuwa 1.5 a laftof da ke zaune ba ta aiki. An daɗe da sanin cewa saitin da ya fi wannan tsanani yana lalata bayanai a wasu faifan ajiya irin SSD, don haka ya nemi mutane su gwada kafin a kunna wa kowa. Yau in ka duba cikin kanel za ka ga jerin faifan da aka hana wannan barcin, kamar Crucial BX100 mai girman gigabait 500. Sunayen da ke cikin irin wannan jeri galibi daga wajen masu amfani suke fitowa, mutanen da suka gwada, abin ya ƙi, suka kuma ɗauki wahalar rubuta rahoto.

Yanzu dubi abin da ke kasuwarmu. Laftof ɗin da ake sayarwa a shagunan Terminus da titin Ahmadu Bello a nan Jos, ko a Banex a Abuja, yawancinsu injinan ofisoshin Turai da Amurka ne da suka gama wa'adinsu can. Kafin su iso hannunka mai shago ya cire faifan asali ya sa SSD mai araha, wataƙila an canza katin Wi-Fi, batirin ba na kamfani ba ne, BIOS kuma tun na ranar da aka ƙera. Masu rubuta kanel da yawa sun koma sababbin injina. In wani sabon sauyi ya ƙara wa firosesa mai shekara takwas ko goma cin wuta, wa zai lura? Wanda wuta ba ta yanke masa ba zai ma sani ba, domin cajarsa a jone take dare da rana. Mu da batir ke raba mu da kammala aiki ko rashin kammalawa, mu ne za mu fara ji a jikinmu.

Kuma kada ka ɗauka zancen kuɗin wuta ne. Ko a farashin naira 225 kan kowane kilowat-awa da aka sa wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, rage wat 2 na tsawon awa 10 bai kai naira 5 ba. Ribar tana wajen lokaci. A ɗakin kwamfuta na makaranta da ke kan sola da inbata kuwa, in injina 30 kowanne ya rage wat 5, an sauke wa batiran wat 150 ke nan, kuma wannan yakan raba tsakanin a kai la'asar ana darasi da a tashi tun azahar.

Wat, ba awa ba

"Da awa huɗu, yanzu biyu da rabi" bayani ne mai amfani a gare ka, amma mai gyaran kanel ba zai iya komai da shi ba. Ka ɗauki batir a matsayin randa: wat-awa shi ne yawan ruwan da take ɗauka, wat kuma saurin ɗibarsa. Taka randar ta tsufa, ba ta ɗaukar abin da take ɗauka da, kuma wata mai zuwa za ta ƙara raguwa. Saurin ɗiba kuwa bai damu da tsufanta ba. Shi ya sa tsohon batir ba ya hana gwaji. Sabon batirin irin waɗannan injina yakan ɗauki wat-awa 45 zuwa 57 ko kusa da haka. A ce naka ya koma 30. In injin yana cin wat 12, awa biyu da rabi ke nan. In ka sauko da shi wat 7.5, ka koma awa huɗu da batirin nan dai.

Na'urar awon da kake cewa ba ka da ita tana cikin batirin. Akwai ɗan ƙaramin guntu a ciki da ke lissafin abin da ke shiga da fita, Linux kuma tana baje lambobinsa a /sys/class/power_supply/BAT0. Fayil ɗin energy_full_design yana nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo, energy_full abin da yake ɗauka yanzu, energy_now abin da ya rage a wannan lokacin, power_now kuma abin da injin ke ja. Lambobin ana rubuta su ne da kashi ɗaya cikin miliyan, saboda haka in ka ga 7500000 a power_now, wat 7.5 ake nufi. Wasu batiran charge_now da current_now suke bayarwa maimakon waɗannan, sai ka ninka current_now da voltage_now ka sami wat. In ba ka son wannan lissafi, umarnin upower zai nuna maka su a tsare. Ka kuma duba ko ThinkPad ɗinka na cikin masu batir biyu, na ciki da na waje, irin su T450 zuwa T480. Waɗannan ɗaya bayan ɗaya suke ƙarewa, don haka dole ka haɗa BAT0 da BAT1, in ba haka ba za ka ga ɗaya a tsaye cik ka zaci injin ba ya cin komai.

Ni ban cika dogara da power_now shi kaɗai ba, musamman a batiran kasuwa. Yakan yi tsalle, wani lokaci kuma ya daskare a lamba ɗaya na tsawon daƙiƙoƙi. Abin da nake yi shi ne in rubuta energy_now, in bar injin minti 30 cif, in sake rubutawa, in cire na biyu daga na farko in ninka sau biyu. Wannan shi ne matsakaicin wat, kuma ya fi kowace lamba ta nan take gaskiya. Ina yin awon ne tsakanin kashi 90 da kashi 40 na caji, domin a can sama da can ƙasa ne guntun lissafin ya fi yin ƙarya. In batirinka na cikin masu faɗowa daga kashi 35 zuwa 6 a ƙiftawar ido, ka tsaya sama da inda yake faɗowar.

Yadda zaman gwaji yake tafiya

Ka cire caja. Ka sa hasken allo a mataki guda ka rubuta shi, domin allo na cikin manyan masu cin wuta, kuma bambancin haske kaɗai ya isa ya haɗiye duk abin da kake son gani. Ka hana allon dusashewa ko mutuwa da kansa. Bayan ka kunna injin ka ba shi kamar minti goma ya natsu, saboda a farkon tashi yana neman sabuntawa, yana jera fayiloli, yana ta kai-kawo a ɓoye. Sannan ka auna yana zaune ba ka taɓa komai. Mutane kan raina wannan awon na zaman banza, alhali shi ya fi tona asiri, domin mai karatu ko rubutu, injinsa a zaune yake mafi yawan lokaci tsakanin danna wannan harafi da wancan. Bayan shi sai ka auna da aiki guda da za ka iya maimaitawa daidai, misali bidiyo ɗaya da ka riga ka sauke, a manhaja ɗaya, da ƙarar sauti ɗaya. Kada ka yi da bidiyon intanet kai tsaye, domin ƙarfin sabis yana canza ingancin hoton da ake turo maka, wat ɗin ma ya canza.

Kowane awo ka yi shi sau uku aƙalla. Daga nan ka canza abu ɗaya tak, wato abin da aka ce a gwada, sabon kanel ne ko wani saiti, ka sake sau uku. In na farko ya ba ka 8.1 da 8.4 da 8.2, na biyu ya ba ka 6.9 da 7.0 da 7.2, ka ga bambanci na gaske. In kuwa lambobin rukunin farko sun warwatsu daga 7.5 zuwa 9, to bambancin rabin wat ba ya nufin komai, sai ka nemo abin da ke motsa injin. Inda na fi ganin matasa na tuntuɓe shi ne zumuɗi: a zama ɗaya mutum ya sa sabon kanel, ya girka TLP (manhajar tsimin batir), ya rage haske, ya kashe Bluetooth, ya zo yana murna batir ya ƙaru. Ya ƙaru kam, amma ba wanda zai iya cewa wanne ne ya yi aikin, har shi kansa.

Akwai gwaji na uku da ba ya cin komai sai haƙuri, wato na barci. Ka rubuta energy_now, ka rufe murfin, da asuba ka buɗe ka sake rubutawa. Ka kuma duba /sys/power/mem_sleep ka ga wane irin barci injin ke yi. Tsofaffin ThinkPad galibi deep suke yi, wanda ke kashe kusan komai ban da ma'ajiyar wucin gadi, wato RAM. Sababbi da yawa s2idle kawai suke da shi, wanda ya dogara ga kowane ɓangare ya kwanta da kansa, kuma in guda ya ƙi, sai ka ciro laftof daga jaka da ɗumi, batir ya tafi.

Abubuwan da ke ɓata awo a wajenmu

Wannan ɓangaren ba za ka same shi a takardar umarnin gwaji ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba irin zamanmu suke yi ba. Na farko shi ne waya. Da yawanmu da kebul muke jona waya a laftof don samun intanet, ko mu bar MiFi a jone. To wayar caji take sha daga batirinka. Ramin USB 2 yana ba da har wat 2.5, na USB 3 har 4.5, wasu ramukan ma fiye. Injin da ke cin wat 7 ka jona masa waya, ka kusa ƙara masa rabin abin da yake ci. An sha kawo mini laftof ana kukan Linux ta kashe batir, in tambaya sai in ji a wannan makon ne aka fara jona waya da kebul saboda Wi-Fi ya ƙi aiki bayan girkawa. Ka cire duk abin da ke jikin USB kafin awo: waya, filashi, 'yar fitila, 'yar fanka, har ɗan tsinken maus.

Sai zafi. Firosesa in ta yi zafi takan ƙara yoyon wuta ko ba ta aiki, fanka kuma ta tashi, ita ma da nata cin. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma awon da ka yi da safiyar Janairu cikin hunturu ba zai zo daidai da na wanda ya yi a Abuja da tsakar ranar Maris ba, ko da injinku iri ɗaya ne. Wannan ba aibi ba ne, abin rubutawa ne a rahoto. Abin da ya zama dole shi ne awon "kafin" da na "bayan" su kasance a yanayi ɗaya, a kan tebur, ba kan katifa ko bargo ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe mashigar iska. In ba a taɓa buɗe injin an share fankar ba tun da ka saya, ka kai a share kafin ka fara, kada kuma ka share a tsakiyar gwaji.

Rashin wuta da kake kuka da shi kuwa, a wannan aikin bai hana komai ba, tunda a kan batir ake awon. Abin da kake bukata shi ne cajin da zai kai ka zagaye shida na rabin awa, kuma kana iya raba su kwana biyu. Inda wuta ke shiga zance shi ne in kwamfutar tebur za a auna da mitar da ake jonawa a soket. Irin mitocin nan masu araha sukan rikice a kan inbatar da wutarta ba ta fita sumul ba, ko ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Ga laftof ma mitar soket tana haɗawa da asarar caja, da kuma abin da batir ke sha in bai cika taf ba kuma ba a cire shi ba.

Naka injin fa

Faɗuwa daga awa huɗu zuwa biyu da rabi babba ce, kuma irin wannan ba kasafai ƙananan saituna ke jawo ta ba. Yawanci abu guda ne babba ya ƙi kwanciya. In injinka yana da katin hoto biyu, na Intel da na Nvidia, da shi zan fara zargi, domin in direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, bai kashe na biyun ba yakan zauna yana shan wat da dama ba tare da yana yin komai ba. In ba shi da shi, sai in duba bidiyo. Katin hoto yana da sashe na musamman mai warware bidiyo da wuta kaɗan, kuma in burauza ba ta amfani da shi, firosesa ce ke ɗaukar nauyin, fanka ta yi ta kuka. Firefox ta kunna wannan ga katunan Intel a Linux tun fitowa ta 115 a 2023, amma sai direban VA-API, wanda ke miƙa wa katin aikin bidiyon, yana nan. Umarnin vainfo zai gaya maka ko yana nan. Ɗalibin da ke kallon darussa a bidiyo awa biyu kullum, wannan kaɗai yana iya zama duk matsalarsa.

Bayan waɗannan sai ka buɗe powertop, manhajar da Intel ta fitar a 2007. Shafin da na fi dubawa shi ne mai nuna matakan hutun firosesa. In injin yana zaune amma dunƙulen firosesar bai wuce PC2 ko PC3 ba, alhali irinta tana iya kaiwa PC7 ko sama, to wani abu ne ke riƙe da ita a farke, sau da yawa faifai, katin Wi-Fi ko mai karanta katin ajiya. Powertop tana da umarnin da ke kunna duk saitunan tsimi gaba ɗaya. Yana da kyau don ka ga iyakar abin da za a iya samu, amma yakan sa maus ko allon rubutu na USB ya riƙa yin barci yana jinkirin farkawa, kuma ba shi ne yanayin da za ka yi gwajin jama'a a ciki ba sai in an ce a yi hakan. Game da TLP, manhaja ce mai kyau, sai dai kada ka haɗa ta da masu irin aikinta, wato power-profiles-daemon da ke zuwa da Ubuntu, ko tuned da Fedora ta koma kai tun fitowa ta 41, domin za su riƙa warware wa juna saiti. Ka zaɓi ɗaya. Ka kuma duba ko akwai sabon BIOS na injinka, domin gyare-gyaren wuta da yawa a can suke.

Daga nesa ba zan iya nuna maka wanne ne daga cikinsu ba, sai an ga lambobin. Awon batir ma yana da iyaka: bambancin da bai kai kashi uku ko huɗu cikin goma na wat ba, ban yarda a yi rantsuwa a kansa da batirin kasuwa ba. Akwai wani ma'auni a cikin firosesoshin Intel tun Sandy Bridge, ana ce masa RAPL, wanda manhajar turbostat ke karantawa, kuma tun 2020 sai da izinin mai gida, wato root, ake ganinsa saboda dalilin tsaro. Ya fi batir natsuwa, amma firosesa da abin da ke maƙale da ita kawai yake gani, bai san da allo ko Wi-Fi ba. Yana taimakawa wajen gano inda wutar ke tafiya, ba ya maye gurbin awon injin gaba ɗaya.

Rahoton, da abin da za ka kiyaye

Kafin ka sa kanel na gwaji, ka kwafe aikin makarantarka zuwa wani wuri dabam, musamman in gwajin ya shafi faifai. Wannan ba tsoratarwa ba ce, ai dalilin gwajin ke nan, ba a tabbatar ba tukuna. Kada ka goge tsohon kanel, domin in sabon ya ƙi tashi, daga jerin GRUB, wato jerin zaɓin kanel a farkon tashin injin, za ka koma na da. Kada kuma ka yi a makon jarrabawa ko lokacin da kake tsakiyar rubuta furojet. Batun data, cikakken faifan girkawa yakan kai gigabait da dama, amma kanel kaɗai bai kai kusa da haka ba. In faifan gaba ɗaya ake gwadawa, mutum ɗaya ya sauke ku raba a filashi. In daga filashin za ka tayar da injin ka auna, to "kafin" da "bayan" duk su kasance daga filashi, domin shi ma yana cin wuta kuma yana hana USB hutawa.

A rahoton ka sa cikakken nau'in injin, firosesa, lambar BIOS, nau'in faifai da katin Wi-Fi, lambar kanel ta kowane awo, matakin haske, da duk lambobin da ka samu, ba matsakaicinsu kaɗai ba. Ka faɗi cewa batirin ba na asali ba ne in haka ne, da abin da ya rage na ƙarfinsa. Umarnin inxi -Fz yana tattaro bayanan injin, harafin z ɗin kuma yana ɓoye lambobin da za a iya gane ka da su. Ka karanta abin da za ka tura kafin ka tura, domin wasu umarnan suna fitar da lambar siriyal. A Ubuntu, ubuntu-bug linux yana haɗa rahoton matsalar kanel da kansa. Fedora kuma tana ware ranakun gwaji a kowane zagayen fitowa, da matakai a rubuce da wurin shigar da sakamako. Turancinka ba sai ya yi ado ba, gajerun jimloli da lambobi sun wadatar.

In ka auna ka ga babu wani bambanci, ka tura haka nan, domin sanin cewa sauyin bai taɓa irin injinka ba shi ma ana bukatarsa kafin a yanke hukunci. In wani abu ya lalace, sauti ya fara ƙara, allo ya ƙyafta, injin ya ƙi farkawa daga barci, wannan rahoton ya fi na tsimin wuta daraja, kuma ka rubuta ko matsalar ta tafi da ka koma tsohon kanel. Wataƙila bayan mako ɗaya ko biyu wani ya dawo maka da tambaya, ko ya turo gyara ya ce ka sake gwadawa. Yawancin rahotanni a nan suke mutuwa, mai rahoton ya tura ya tafi, mai gyaran kuma ba shi da injin da zai tabbatar da gyaransa. Saboda haka ka yi rajista da adireshin imel da kake buɗewa, kuma ka ajiye kanel ɗin gwajin a injin har sai an rufe batun.